Yadda Ake Yi wa Yaron da Ya Tasa Atisayen Gyaran Magana a Gida

Na daɗe ina koyarwa a firamare a nan Gusau, kuma da wuya shekara ta wuce ban samu yaro ɗaya ko biyu a aji huɗu zuwa shida da bakinsa ke ba shi wahala ba. Wani tsamin baki ne, wani in'ina, wani kuma sai kin kasa kunne sosai kafin ki tsinci abin da yake nufi. Har cikin ɗakina abin ya shigo, don ɗana na biyu ya kai shekara 9 yana ce wa rago "lago". A kansa na fara koyon aikin, wajen wani masanin gyaran magana da muka yi ta zarya wurinsa, daga baya na ci gaba da yi da 'ya'yan mutane.

Ɗan shekara uku ana lallaɓa shi da wasa ya gyara bai sani ba. Ɗan shekara goma kuwa ya san matsalarsa, ya san sunan da 'yan ajinsu suka laƙa masa, ya ma koyi dabarar yin shiru. Shi ya sa aikin babban yaro yake da nasa tsari. Da uwa nake magana a nan don ita ta fi zama da yara, amma uba ko yaya ko goggo duk za su iya.

Kayan aiki

Madubi wanda zai ɗauki fuskokinku ku biyu. In babu, kyamarar gaba ta waya ta wadatar.

Waya mai ɗaukar murya. Ko ƙaramar nan mai madannai yawanci tana da rikoda.

Littafin rubutu guda, na wannan aikin kaɗai, da biro.

Kwalin sukari ko na taliya, a yanka shi ƙanana don rubuta kalmomi.

Ƙwallon dabino goma, ko tsakuwa, da kwano.

Ƙaramin cokali mai tsabta, da bututun shan lemo, da fallen takarda.

Sai wuri da lokaci, kuma su ne suka fi komai wuyar samu a gidan yawa. Ki nemi ɗakin da za a saki labule ku biyu, babu ƙanne, babu talabijin. Minti goma kullum ya fi awa guda ranar Asabar nesa ba kusa ba. Mu bayan Magariba muka zaɓa, kafin tuwo. Dawowa daga Islamiyya ba lokaci ba ne, yaro ya gaji kuma yunwa na cinsa.

Mataki na 1: A fara duba kunne da baki

Yaro yana faɗin abin da kunnensa ya ji ne. In ji ya ragu, duk atisayen duniya aikin baban giwa ne. Ki tsaya a bayansa kamar taku uku, ki yi masa raɗa da kalmomin da bai zata ba, ki ga ko zai maimaita. Wannan gwajin gida ne kawai, bai kai a dogara da shi ba. In ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko zazzaɓin da ya kai shi ga suma, ko kunnensa na yawan zubar da ruwa, to a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Mu a Zamfara wannan ba zancen wasa ba ne. Sanƙarau ɗin da ya ɓarke a ƙarshen 2016 zuwa 2017 daga jiharmu ya faro, kuma jariran lokacin su ne yanzu suka tasa. Haka ma gubar dalma da ta bayyana a 2010 a yankin Anka da Bukkuyum, tana taɓa ƙwaƙwalwa da koyon magana, don haka yaron da ya tashi a inda ake niƙa dutsen zinariya a faɗa wa likita hakan.

A fara daga asibitin da ke kusa, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko Asibitin Sir Yahaya ga na Birnin Kebbi, su za su ce ko sai an wuce Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ki tambaya a can ko akwai masanin gyaran magana. Ba su da yawa a ƙasar nan, amma ko sau ɗaya ya ga yaron ya rubuta muku abin yi, kun rage lalube cikin duhu.

Ki haska bakinsa da tocila. In muryarsa ta hanci take fita, ko ruwa na biyo masa ta hanci in ya sha, a duba ganɗarsa ko akwai tsaga. Wannan aikin tiyata ne, madubi ba ya maganinsa. In kuwa famfara yake yi, haƙoran gaba sun zube, a bar sautin "s" sai sun fito.

Gargaɗi ɗaya da ba na gajiya da yi: cire beli ba ya gyara magana. Jijiyar ƙasan harshe ma, in yaro na iya ɗaga harshensa ya taɓa bayan haƙoran sama, to ba ita ce matsalar ba. Kada a sa aska a bakin yaro a kan zato.

Mataki na 2: Ki gano ainihin abin da za a gyara

Ki kunna rikoda ki sa shi ya ba ki labarin wani abu da yake so, ƙwallo ko fim ko yadda aka yi a kasuwar dabbobi, na minti biyu ko uku. Da dare ki saurara ke kaɗai, ki rubuta duk kalmar da ta karkace da yadda ya faɗe ta. Za ki ga abin ya taru wuri ɗaya ko biyu: "r" na komawa "l" ko "y", harshe na leƙowa tsakanin haƙora a wajen "s", "k" na zama "t", ko kuma ƙ da ts da ɗ da ɓ suna fita a sake kamar k da s da d da b.

A nan ne iyaye da malamai da yawa ke tafka kuskure. Yaron da ya ce "tahi" ko "lahiya" ko "hwara" ba shi da tsamin baki, Hausar gidansu yake yi, haka kakanninsa suke faɗa daga Gummi har Argungu. Wanda ya tashi da Fulatanci ko Zabarmanci ko Dakarci a gida, ya zo yana sassauta ƙ da ts, shi ma baƙon sauti ne yake koyo. Haka wanda ke haɗa "p" da "f" a Turanci. Ma'aunin shi ne: sa'o'insa na unguwa ɗaya, masu harshe ɗaya da shi, haka suke faɗa? In haka ne, ki bar yaro ya sha iska.

Ki zaɓi sauti ɗaya tak. Wanda ya fi sauƙin fita a bakinsa in ya kwaikwaye ki, da shi za a fara, ko da ba shi ne ya fi damun ki ba. Nasarar farko ce ke riƙe yaro.

Mataki na 3: Ku ƙulla yarjejeniya

Ki same shi shi kaɗai. Kada ki ce masa ba ya iya magana. Ki tambaye shi wace kalma ce ta fi ba shi haushi, kuma a ina. Amsar takan ba da mamaki. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ce min ita sunanta kawai take so ta iya faɗa in baƙo ya tambaya, don da "r" ya fara. Nawa kuwa so yake ya daina jin dariya in ya ce "ruwa" a filin ƙwallo. Abin da ya faɗa shi za ki rubuta a shafin farko na littafin.

Ku yarda a kan abu uku: gyara a cikin minti goman nan kaɗai ake yi, ba a gaban mutane ba, shi zai riƙe littafin, kuma akwai lada. Babban yaro ba a saye shi da alewa. Rabin awa da waya, ko a ɗauke masa wanke-wanke ran Juma'a, ko kuɗin gidan kallon ƙwallo in ya cika kwana shida, sun fi aiki. Ladan na zama ne a yi atisayen, ko an dace ko ba a dace ba.

In ya ƙi fa? Ki bar shi sati biyu ki sake tuntuɓa. Na taɓa matsa wa wani ɗan shekara 13 da ƙarfin tsiya, abin da na samu shi ne ya daina magana a ajina gaba ɗaya har ƙarshen zango.

Mataki na 4: Kunne kafin harshe

Yara da yawa ba sa jin bambancin a bakinsu. Ki rubuta tagwayen kalmomi a kwali, waɗanda a rubuce harafi ɗaya kaɗai ya raba su: kura da ƙura, kare da ƙare, sara da tsara, sami da tsami, fada da faɗa, gada da gaɗa, taba da taɓa, saba da saɓa, rami da Lami. Ki rufe bakinki da littafi ki faɗi ɗaya, shi ya nuna katin. Daga nan ki riƙa yin kuskure da gangan shi yana kama ki. Yara na son wannan ƙwarai, don yau su ne malamai. Kwana biyu zuwa huɗu sun isa. Sai a kunna masa muryarsa ya yi wa kansa alƙalanci. Ranar farko zai ji kunya, ki ɗauki taki muryar ke ma ku yi dariyarta tare.

Mataki na 5: Fitar da sautin shi kaɗai

Ku zauna kafaɗa da kafaɗa gaban madubi. Ba kalma ake nema yanzu ba, sautin tsura.

Na "s": haƙora su kusa haɗuwa, harshe a bayansu, ɗan murmushi. In harshen ya ƙi zama ciki, ya yi "t, t, t" a hankali sannan ya ja ta ƙarshen, iskar da za ta biyo baya ita ce "s". In iska ta gefen baki take tsiyaya har da yawu, ki riƙe bututun lemo a tsakiyar haƙoransa na gaba, in iskar ta bi daidai zai ji ƙararta a cikin bututun.

Na "k": ki danne kan harshensa a hankali da bayan cokali, ya yi ƙoƙarin cewa "ta", sai ki ji "ka" ta fito. Ko ya kwanta rigingine ya yi kamar mai kurkure maƙogwaro.

Na "ƙ" da "ts": sirrinsu a maƙoshi yake. Ya riƙe numfashi kamar zai ɗaga jarkar ruwa, yana riƙe da shi ya saki "k". Ki sa fallen takarda gaban bakinsa: "k" za ta kaɗa ta sosai, "ƙ" kuwa ɗan ƙyas za ta yi. In "ƙ" ta zauna, "ts" ba ta da nisa.

Na "ɗ" da "ɓ": ya ɗora yatsu a maƙogwaronki ki faɗi "da, ɗa, ba, ɓa", ya ji yadda maƙoshin ke ɗan matsewa ya yi ƙasa, sannan ya nema a nasa.

Sai uwar wahala, "r". Hausa na da iri biyu duk da rubutunsu ɗaya. Akwai wadda harshe ke karkarwa, kamar a "tir" ko baran da almajiri ke yi, akwai wadda harshe ke lanƙwasa baya ya kaɗo sau ɗaya, kamar a "ruwa" ko baran gidan sarki. Ki fara gano wadda ta gagare shi. Ta kaɗawar, ya naɗe kan harshe baya ya sake shi ya faɗo gaba yana cewa "a". Ta karkarwar, ya sa kan harshe a tudun nan na bayan haƙoran sama, wanda malaman Hausa ke kira hanƙa, ya yi ta "tada, tada, tada" yana ƙara sauri, harshen a sake, har "d" ɗin ta fara zamewa. Ɗana sati bakwai ya yi a wannan gaɓar. Na kusa sarewa. Ranar da ta fito ma ba a zaman atisaye ba ne, yana kwaikwayon ƙarar injin markaɗe ne a tsakar gida.

Kada ki ɓata lokaci a kan hura balan-balan ko murguɗa harshe hagu da dama wai don a ƙarfafa baki. Magana da magana ake gyara ta. Kuma kada ki bari ya yi ta maimaita sautin a karkace, don abin da aka nanata shi ke zama. In sau biyar a jere bai fito ba, a canja dabara ko a tashi.

Mataki na 6: Hawa tsani

Daga sauti sai gaɓa: ra, ri, ru, sannan ara, iri, uru. Daga gaɓa sai kalma, a fara da masu sautin a farko, sannan a tsakiya. Daga nan 'yan kalmomi biyu, "ruwan randa", "rigar Rabi", sai cikakkiyar jimla, sai karatu daga littafi, sai hira.

Ga amfanin ƙwallon dabino. Duk faɗa ɗaya da ta fita daidai, ɗaya ya shiga kwano. In ya samu 8 cikin 10 kwana uku a jere, a hau mataki na gaba. In ya faɗo ƙasa da 5, a sauko ɗaya, ba tare da an mai da shi abin magana ba. A zama ɗaya a yi zagaye biyar, faɗa 50 ke nan, kuma minti goma na ɗaukarsu. Kafin ki yanke hukunci ki tambaye shi, "Kai ya ka ji ta?" Ranar da ya fara kama kuskurensa kafin ki buɗe baki, rabin aikin ya ƙare. Yabonki kuma ya zama mai suna: "Harshenka bai leƙo ba wannan karon" ya fi "yawwa" sau goma.

Kalmomin su fito daga rayuwarsa: sunayen abokai, 'yan wasan da yake so, garuruwan da ake zuwa, Ƙaura, Tsafe, Maru, Talatar Mafara. Karya-harshe irin su "turmi ture kura, kura ture turmi", ko na kwaɗo da ƙato da suka tafi ƙoto, a ajiye su sai can ƙarshe. Gwaji ne na wanda ya iya. In aka ba mai koyo tun farko, dariya kawai za a yi masa.

Mataki na 7: Fita da shi daga ɗaki

Nan mafi yawan mutane ke tsayawa, sai ki ji uwa na cewa a gaban madubi tsaf yake faɗa, da ya fita ya koma gidan jiya. Haka abin yake ga kowa, sai an bi shi da dabara. Ku zaɓi kalma uku na mako, waɗanda dole a faɗe su kullum. Ku ware minti biyar na cin abinci a matsayin lokacin lura. Ku yi wata alama ta sirri, kamar ki taɓa kunnenki, wadda ba wanda ya san ma'anarta sai ku biyu. Sannan aike: ya je shago ya sayo abin da sunansa ke da sautin, bayan kun gwada a gida. Ya aika wa kawunsa saƙon murya ta WhatsApp, ya saurara kafin ya tura. Ya kwaikwayi mai karanta labarai a rediyo. Malamin Islamiyya mai koyar da tajwidi ma abokin aiki ne, don ya saba nuna wa yara mafitar harafi, sai dai a roƙe shi ya ajiye bulala a kan wannan.

Mataki na 8: In in'ina ce, hanyar daban take

Kwano da ƙwallon dabino ba su da aiki a nan, kada ki ƙirga wa mai in'ina kuskure. Kusan yara 5 cikin 100 kan yi ta a ƙuruciya, galibi tsakanin shekara 2 da 5, mafi yawansu ta wuce. Kamar mutum 1 cikin 100 ne ke girma da ita, maza sun fi yawa, kuma tana bin dangi. Ba tsoro ke kawo ta ba, ba kuma laifin tarbiyya ba ne. Wanda ya kai shekara goma da ita, mai yiwuwa za su daɗe tare, don haka abin nema shi ne ya faɗi abin da yake so, lokacin da yake so, ba tare da kokawa da bakinsa ba.

Aikin farko naki ne. Ki daina cewa "natsu", "ja numfashi", "sake faɗa". Ki daina ƙarasa masa kalma. Ki dube shi yadda kike duban kowa har ya gama, ki amsa abin da ya faɗa. Ki rage saurin taki maganar, ki ɗan dakata kafin ki ba shi amsa. A hana 'yan'uwa katse shi da kwaikwayonsa, kuma wannan doka daga bakin maigida ya kamata ta fito. Masu cewa a mare shi ko a firgita shi in ya maƙale, ƙara ɗaure harshen suke yi.

A zaman minti goman, abu uku ake gwadawa, ɗaya bayan ɗaya. Shiga kalma a tausashe, a ɗan saki iska kafin murya ta biyo, a ja wasalin farko kaɗan. Taɓa leɓe da harshe sama-sama a wajen b da d da k, ba tare da dannawa ba. Yanka zance gunduwa-gunduwa, kalma uku ko huɗu a ɗan tsaya. In ya maƙale a tsakiya, kada ya ja baya ya sake rugowa, ya tsaya a kan sautin, ya sassauta, ya zame zuwa na gaba. Ku fara da karatu tare, murya biyu a haɗe, sai ki riƙa janye taki kaɗan-kaɗan. Za ki lura ba ya yi in yana waƙa ko karatun taro a makarantar allo. Haka in'ina take, ba shaida ba ce cewa da gangan yake yi.

Ku riƙa kiran abin da sunansa a gida ba tare da rage murya ba. Na kan koya musu addu'ar Annabi Musa, Alaihis Salam, da ke cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi Allah Ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Yaro kan ɗago kai in ya ji cewa Annabin da aka aika wa Fir'auna ma ya yi wannan roƙo. Ku kuma shirya masa amsa gajeriya ta masu tsokana, irin "E, ina in'ina, sai ka jira ni", ya gwada ta a gida har ta zauna.

Mataki na 9: Makaranta, littafi, da lokacin komawa asibiti

Ki je ki ga malamin ajinsu, amma ki fara tambayar yaron me yake so a faɗa. Roƙon ba shi da yawa: kada a tsallake shi in ana tambaya, kada a sa shi jiran layi mai tsawo kafin karatu don fargaba na taruwa, kada a gyara shi gaban aji. Mai raunin ji a dawo da shi bencin gaba.

Kowane zama a rubuta kwanan wata, matakin da ake, da abin da ya samu. Duk ƙarshen wata a sake ɗaukar muryarsa yana ba da labari, a ajiye ta farkon don kwatance. Rashin lafiya da azumi da jarrabawa za su kawo koma baya, a sauko mataki ɗaya a ci gaba. In an yi wata uku ana yi kullum babu motsi, a nemi masani, wataƙila ba wurin da ya dace ake bugu ba.

Akwai kuma abin da ba a zama da shi a gida ko kwana ɗaya. Yaron da maganarsa ta harɗe farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, musamman mai sikila, a garzaya da shi asibiti a lokacin. Muryar da ta dishe sati uku ba mura a kai shi a duba maƙoshi. Wanda kuma ya ɗauke magana bayan ya ga tashin hankali, irin wanda ƙauyukanmu suka sha gani, ba harshensa ne ke ciwo ba. Shi a ajiye madubi da kwali, a nema masa likitan da ke kula da damuwar yara, a gida kuma a zauna kusa da shi ana 'yan aikace-aikace tare, ba tare da an ce sai ya yi magana ba.